Ƙofar Banɗaki da Takardar Haihuwa

Malam Habu, Zariya

Assalamu alaikum, 'yan zaure. Na bibiyi rigimar da aka yi a Amurka kan banɗakin da masu sauya jinsi za su shiga, sai na ga ya dace in ɗaure ta da waƙa. Wanda zai amsa, ya zaɓi amsa-amonsa.

Da sunan Mahalicci nake fara zance,
Ya ba ni basira in faɗi gaskiya.

A can Amurka, a jihar Karolina ta Arewa,
A shekarar 2016 aka tada hayaniya.

Majalisar birnin Shalot, a watan Fabrairu,
Ta zartar da doka mai hana nuna wariya,

Ta ce wanda ya sauya jinsi ya shiga banɗakin
Jinsin da ya koma, ba tsangwama, ba ƙiyayya.

'Yan majalisar jiha da suka ji, suka fusata,
Suka kira zaman gaggawa don su mayar da ita baya.

Ranar 23 ga Maris suka gabatar da doka mai suna HB2,
Suka karanta, suka zartar, duk a yini ɗaya.

Gwamna Pat McCrory ya sa hannu a daren nan,
Dokar Shalot ta mutu tun ba ta fara tafiya.

Sabuwar ta ce, a makarantu da gine-ginen gwamnati,
Takardar haihuwarka ce za ta nuna maka hanya.

Na kawo labarin ban yanke hukunci ba,
Kowa ya faɗi nasa, amma a kiyaye kunya.

Hajiya Rabi, Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Ni uwa ce, kuma da bakin uwa zan amsa.

Malam, na ji labarinka, na kuma auna shi,
Ni dai ina bayan dokar, domin tana kare mata.

Banɗaki ba dandali ba ne da kowa ke ratsawa,
Wuri ne da mace ke sauke mayafi ta gyara suturarta.

Ban ce wanda ya sauya jinsi mugu ne ba,
Ban ga zuciyarsa ba, balle in zarge ta.

Tsorona shi ne, in furucin baki ya isa shaida,
Mai mugun nufi ma zai furta, ya shiga ya yi cuta.

Yarinya 'yar makaranta a ɗakin sauya kaya,
Bayan wasan motsa jiki, wa ya nemi ra'ayinta?

Idan ta ce tana jin kunya, sai a ce tana wariya,
Alhali da kunyar nan iyayenta suka raine ta.

A Birtaniya ma, a Afrilun 2025, Kotun Ƙoli
Ta duba ƙarar da wasu matan Sikotland suka kai gabanta,

Ta ce kalmar mace a dokar daidaito ta 2010
Wadda aka haifa mace take nufi, ita ce fassararta.

Barista Nafisa, Kaduna

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ban ƙi damuwarki ba, sai dai aikin lauya ya koya mini in tambayi kowace doka wanda zai tsaya mata.

Hajiya, na karɓi batun kunya hannu bibbiyu,
Amma doka ba ta cika sai an iya aiwatarwa.

HB2 ba ta yanka tara ba, ba ta ambaci ɗauri ba,
Ba ta ce ga jami'in da zai tsaya ƙofa yana tarewa.

Shin wa ke yawo da takardar haihuwa a aljihu
Saboda ranar da fitsari zai matsa masa da gaggawa?

In babu takarda, sai a koma duban fuska da murya,
A nan ne mace mai ƙirar maza za ta sha tozartawa.

Ga kuma wanda aka haifa mace, ya sha magani, ya yi gemu,
Dokar ta tura shi ɗakin mata, ba shi da wurin kaucewa.

'Yarki ta ɗaga kai ta ga mai gemu a bayanta,
Shi kuwa doka ya bi, to ina kariyar da ake cewa?

Leƙe da cin zarafi laifuka ne tun kafin 2016,
Ko da zane ko da wando, kotu tana hukuntawa.

A jihar Bajiniya ɗalibi mai sauya jinsi Gavin Grimm ya kai ƙarar hukumar makaranta kan hana shi banɗakin maza,
Ya yi nasara, a 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sake dubawa.

A Disambar 2022 wata kotun ɗaukaka ƙara, kan shari'ar jihar Filorida,
Ta ce makaranta na iya raba banɗaki bisa haihuwa.

Filorida ce a 2023 ta haɗa tata dokar da hukunci,
Wanda aka ce ya fita ya ƙi, ana iya gurfanarwa.

Ɗanjuma, mazaunin Shalot

Ina gaida iyayena da yayyena. Tasi nake tuƙawa a wannan gari tun kafin rigimar, don haka zan faɗi abin da ya taɓa aljihu.

Malam da Hajiya da Barista, ku ba ni aron zaure,
Ina garin lokacin da aka tada ƙurar banɗaki.

Kamfanin PayPal ya shirya buɗe ofis a Shalot,
Ya janye a Afrilu, ya tafi da gurabe 400 na aiki.

Ƙungiyar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke wasan taurarinta na 2017,
Ta kai shi New Orleans, mu muka rasa baƙi da biki.

Kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙiyasta asarar jihar,
Dala biliyan 3.76 cikin shekara 12, abin mamaki.

Zaɓen Nuwamba ya zo, McCrory ya sha kaye,
Da ratar ƙuri'a 10,000 da 'yan kai Roy Cooper ya karɓi mulki.

Ranar 30 ga Maris 2017 aka soke sharaɗin takardar,
Amma birane, kan yin doka irin ta Shalot, har Disambar 2020 an rufe musu baki.

Abin da na gani ya fi kawo sauƙi a wuraren da nake zuwa
Shi ne ɗakin mutum ɗaya mai sakata daga ciki.

Uba mai ƙaramar 'ya da mai keken guragu duk suna shiga,
Babu mai tambayar kowa abin da tufa ta rufe a jiki.

Malam Habu, Zariya

Kafin a ci gaba, bari in gyara wani ruɗani.

Wani ya aiko yana tambaya ko mata-maza ake nufi,
A'a, wancan an haife shi da alama biyu a jiki ɗaya.

Malaman fiƙihu sun duba mafitar fitsarinsa, in ta rikice,
Malikawa suka ba shi rabin gadon ɗa da rabin na ɗiya.

Mai sauya jinsi kuwa jikinsa bai zo da ruɗu ba,
Ya ce yadda yake jin kansa ne ya saɓa, nan tushen jayayya.

Hajiya Rabi, Kano

Ɗanjuma, ɗana, ɗakin mutum ɗaya ya yi mini,
Amma asarar dala ba hujja ba ce kan mutuncin mata.

Makaranta mai tarin ɗalibai da tsohon gini,
Ɗaki nawa za ta gina, wa zai biya kuɗin gyaranta?

Barista Nafisa, Kaduna

Hajiya, ko an gina ma ba lalle rigima ta kwanta ba,
Makarantar su Grimm ta ware irinsu uku don sasantawa.

Ya ga tura shi can tamkar nuna shi da yatsa ne,
Tunda shi aka hana ƙofar da sauran samari ke wucewa.

Ya riƙa riƙe fitsari har ciwon mafitsara ya kama shi,
Ya shigar da ƙara a 2015, aka yi shekara 6 ana fafatawa.