Tafiya daga Kano zuwa Yankari da Mambila: wane kayan ɗaukar hoto zan ɗauka, wane zan bari?

Bakano Mai Hoto:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. A farkon watan Disamba, idan Allah ya kai mu, ni da abokaina uku za mu tashi daga Kano a mota ɗaya, mu bi ta Bauchi mu yada zango a Yankari, daga nan mu wuce Gombe da Numan zuwa Jalingo, sannan mu kama hanyar Bali da Serti mu hau tsaunin Mambila har Gembu. Tafiyar za ta ci kusan mako biyu, motar kuma ƙarama ce, bayanta zai cika da jakunkunan mutum huɗu, saboda haka babu halin in kwashe duk abin da na mallaka.

Aikina hoton biki ne da na taro, ban saba da daji ko tsauni ba. Kyamarata Canon 80D ce, ina da gilasai huɗu, wato 10-18mm da 18-135mm da 50mm f/1.8 da kuma 70-200mm f/2.8, sai filasha biyu, da sitan mai ƙafa uku, da batir biyu, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da ƙaramin jirgi maras matuƙi na DJI. Abin da nake so in dawo da shi shi ne hotunan namun daji, da na tsaunuka, da na mutanen da za mu tarar a kasuwanni. Abin da ya fi damuna shi ne babban gilashin nan na 70-200mm, domin yana da nauyi kuma shi ne mafi tsada a cikin kayana, ina tsoron ƙurar hanya ta lalata mini shi. Me kuke ganin ya kamata in ɗauka, me kuma zan bari a gida?

Dattijon Bauchi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Gilashin da kake tunanin bari, shi ne na farkon da zan sa a jaka. A Yankari ba a barin baƙo ya yi ta yawo a ƙasa yana matsawa kusa da dabba, a cikin mota za a zaga da ku tare da jami'in gandun, kuma a lokacin rani dabbobin sukan taru ne a gefen kogin Gaji, inda sau da yawa za ka hango gwanki ko gwambaza ko ɓauna daga nesa, a tsakanin itatuwa. A kan 80D, wadda ke ninka tsawon gilashi sau 1.6, 200mm ɗinka zai yi aikin 320mm, kuma ko wannan ɗin ma za ka ga ya yi maka kaɗan idan tsuntsu kake nema. Da 135mm kuwa, giwa ce kawai za ta cika maka hoto, ita ma sai an yi sa'ar ganinta, domin ba kowace fita ake haɗuwa da garken ba. Ga kuma batun haske: fitar da ta fi amfani ita ce ta sassafe da ta yamma liƙis, lokacin da haske ya yi ƙasa, kuma a nan ne f/2.8 zai ba ka damar riƙe saurin ɗauka a 1/500 ko sama ba tare da ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, har hoto ya yi yashi ba.

Game da ƙura, lissafinka ya juya. Gilashin 70-200mm f/2.8 ba ya miƙewa idan ka juya shi, duk motsinsa a ciki yake, saboda haka ba ya zuƙar iska sosai. Na 18-135mm shi ne ke fita yana komawa, yana shaƙar buji duk lokacin da ka matso ko ka ja baya. Amma babbar ƙofar ƙura ita ce lokacin canza gilashi, kuma a watan Disamba, a cikin buɗaɗɗiyar mota, a kan hanyar da ba kwalta, ba na ba kowa shawarar ya buɗe bakin kyamararsa. Ka ɗaura babban gilashin tun a ɗaki kafin ku fita, ka bar shi a kai har ku dawo, duk hoton da ke buƙatar faɗi kuma ka ɗauke shi da wayarka. Idan dole ta kama ka canza a hanya, ka shiga motarku ka rufe tagogi, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka gama cikin gaggawa. Tsohuwar rigar matashin kai mai tsabta ta ishe ka rufe kyamarar a cinyarka tsakanin hoto da hoto.

Filasha biyu ba su da aiki a wannan tafiya, ɗaya ma ina shakka. Na 10-18mm shi ma zan bar shi, domin 18mm ya isa yawancin fili, inda bai isa ba kuma sai ka ɗauki hoto uku ko huɗu a jere ka haɗe su daga baya. Sai kuma birai na sansanin Wikki: sun saba da mutane, suna fizge leda da jaka, suna shiga mota ko ɗakin da aka bari a buɗe. Idan za ka shiga maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke wurin, kada ka ajiye jakar kyamara a bakin ruwa babu mai tsaro.

Injiniya:

Baba ya gama magana a kan gilasai, ni zan tsaya a kan wuta da ajiya, domin su ne suke tsayar da mai hoto a doguwar tafiya. Malam, 80D ba ta cajin batir ta igiyar USB, sai an ciro shi an sa a caja, kuma cajar da ta zo da ita wutar bango take buƙata. Daga Serti zuwa sama wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, masauki da yawa janareta suke kunnawa na 'yan sa'o'i da dare, kowa kuma yana rububin soket ɗaya. Ka nemi ƙaramar caja mai ramuka biyu ta batirin LP-E6N wadda ke aiki da USB, ka haɗa da cajar mota da fawa-banki mai ƙarfin 20,000mAh, ta yadda duk sa'o'in da kuke kan hanya batiranka suna shan wuta. Ka ƙara batir ɗaya su zama uku. Idan da madubin leƙawa kake ɗauka, batir ɗaya yana kai wa hoto ɗari tara da wani abu bisa ƙiyasin kamfanin, amma bidiyo da kallon allo suna cinye shi da wuri, sanyin safiya ma yana rage masa ƙarfi.

Ramin katin memori ɗaya ne a kyamarar, ma'ana babu kwafi na biyu sai wanda ka yi da hannunka. Hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, yana kai wa megabait 30, saboda haka kati mai gigabait 64 zai ɗauki wajen hoto 2,000. Na fi son katuna huɗu masu 64 a kan ɗaya mai 256, domin idan ɗaya ya lalace ko ya ɓace, kashi ɗaya ne na tafiyar ya tafi. Ka saye su a wurin da ka amince da shi, ka cika kowanne da fayiloli ka gwada tun a gida, saboda jabun kati yakan nuna girman da ba shi da shi, sai ya cika sannan hotuna su fara lalacewa. Kwamfutar kuwa, idan ba gyaran hoto za ka yi a hanya ba, ka bar ta. Ƙaramin makarancin kati da ake jonawa a waya, da ma'ajiyar SSD, sun isa ka kwafe aikin kowace rana da dare. Kada ka goge katin bayan ka kwafe, kuma kada SSD ɗin ya kwana a jaka ɗaya da katunan.

Jirgin DJI ɗin shi ne zan ce ka yi tunani sosai. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta haramta tashin irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma hanyar da za ku bi cike take da shingayen jami'an tsaro. Idan ba ka da takarda a hannu, ganinsa kawai a cikin kaya zai iya jawo muku dogon bayani a bakin titi. Haka kuma kada a ɗaga kyamara a shinge ko kusa da gada ko barikin soja. Abu na ƙarshe, kada ka bar batir ko kyamara a cikin motar da aka kulle a rana, musamman a wajen Numan, inda zafi ba ya wasa ko da hunturu.

'Yar Mambila:

Sannunku da ƙoƙari. Baba, a yi mini afuwa, ban goyi bayan a bar 10-18mm ba. Nauyinsa bai kai na ƙaramar robar ruwa ba, gram 240 ne kacal, kuma wanda ya tsaya a kan hawan da ke bayan Mayo Selbe, ko a tsakiyar gonakin shayi na Kakara, zai so ya haɗa ciyawar da ke gabansa da tudun da ke nesa a hoto ɗaya, abin da haɗe-haɗen hotuna ba ya yi da kyau idan shanu suna motsi a ciki. Sitan ɗin ma ya zo da shi idan ba mai nauyi ba ne, domin mafi kyawun abin da ake ɗauka a nan shi ne hazon da ke kwanciya a cikin kwari kafin fitowar rana, lokacin da hannu ba zai iya riƙe kyamara ba tare da girgiza ba. Sai dai, Malam, ka sani cewa a Disamba ciyawa ta fara bushewa, ƙurar hunturu kuma tana dusashe tsaunukan nesa da rana tsaka, filta ba ta maganin wannan, sammako ne kawai maganinsa.

Tudun ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, asuba tana da sanyi da raɓa mai yawa. Idan ka fito da kyamara daga sanyin waje ka shiga ɗaki mai ɗumi, gilashi zai yi gumi, saboda haka ka bar ta a cikin jaka a rufe na ɗan lokaci kafin ka buɗe, ka kuma zuba 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi a jakar. Batirin da ba ka amfani da shi ka sa a aljihun ciki. Wurare da yawa mota ba ta zuwa sai babur, don haka jakar goyo mai maɗaurin ƙugu ta fi ta rataye, babban gilashin kuma ya zauna a masauki a irin wannan fita.

Hoton mutane kuwa, 50mm ɗinka ya fi dacewa, domin ƙarami ne, ba ya tsorata kowa. A kasuwar Nguroje ko a rugar Fulani, ka fara da gaisuwa, ka nemi izini, musamman kafin ka ɗauki mata, ka kuma nuna wa mutum hotonsa a allo. Wanda ya tsaya daga nesa yana auna mutane da dogon farin gilashi, ba za a ji daɗinsa ba. Fulatanci ne harshen kasuwa a nan, samun ɗan gari ya raka ku zai sauƙaƙa muku sosai.

Bakano Mai Hoto:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tafi da gilasan duka huɗu da sitan, in bar filasha da kwamfuta da jirgin. Saura tambaya ɗaya, Baba: idan duk da haka ƙura ta hau sensa, wato faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara, a tsakiyar tafiya, in goge da kaina ko in haƙura har mu dawo?

Dattijon Bauchi:

Hajiya ta fi ni sanin tsauninta, na janye maganar 10-18mm. Game da sensa, kowane dare ka ɗauki hoton farin bango ko farar takarda a f/16, ka faɗaɗa shi a allo, duk ɗigon da ke wurin zai fito. Idan ka gani, ka tabbatar batirinka cike yake, ka zaɓi gogewa da hannu a cikin menu domin madubi ya ɗaga, ka kifa kyamarar, ka hura da famfon roba ba tare da bakinsa ya taɓa komai ba. Kada ka hura da bakinka, kada ka sa auduga ko gefen riga. Ɗigon da ya ƙi fita ka bar shi, a f/5.6 da wuya ya bayyana, wanda ya bayyana a sararin sama kuma ana cire shi a kwamfuta cikin daƙiƙa kaɗan. Gogewa da ruwan magani ka bari sai ka koma Kano, a ɗaki mai tsabta, ko ka kai wa mai gyara.