Ni dogo ne, an ce babbar jijiyar zuciyata ta yi faɗi: in damu?

Dogo: Assalamu alaikum jama'a, ina neman shawara. Shekaruna 34, tsayina mita 1.94. An yi min hoton zuciya a binciken lafiya na wurin aiki, aka rubuta cewa babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, wadda suke kira ayota, faɗinta santimita 3.9 ne daga tushe. Likitan ya duba takardar, ya ɗago ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ya ce da wannan tsayin nawa babu abin tashin hankali, in koma bayan shekara. To abokin aikina gajere ne, tasa 3.1. Me ya haɗa tsayi da jijiya? Ko lallashina kawai aka yi? Tun ranar ko sassarfa na daina.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara lafiya. Ni kuwa abin da na sha ji shi ne mu gajeru muke cikin haɗari. Tsayina 1.52, don haka nima na kasa kunne.

Baban Yara: Malam ka manta da zancen nan. Duk dogo komai nasa babba ne, har takalmi.

Ma'aikaciyar jinya: Baban Yara, rabin maganarka gaskiya ce, amma ban yarda da "ka manta" ba. Ɗan'uwa Dogo, ba lallashinka aka yi ba. Jiki mai girma yana buƙatar jini mai yawa, don haka jijiyar da ke raba shi takan fi faɗi. Tsayi, shekaru da jinsi duk suna shiga lissafi, shi ya sa ba a karanta lambar ita kaɗai. Ka'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2022 sun ce a gwada girman ayota da tsayin mutum idan ya fita daban a tsawo ko gajarta. Ana lissafa filin bakin jijiyar a murabba'in santimita, a raba da tsayin mutum a mita, in sakamakon ya kai 10 ne ake fara zancen tiyata. Na buga naka, bai wuce 6 da ɗoriya ba. A mizanin da aka saba kuma, sai wajen santimita 5 zuwa 5.5 ake maganar aiki. Wannan 3.9 ɗin, da a jikin Maman Biyu aka gan shi, da magana ta sha bamban.

Maman Biyu: Kin ga irinta ko! To mu ina muka dosa?

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, abin da kika ji yana da tushe. Wani babban bincike da masana a Jami'ar Lesta ta Ingila suka jagoranta a 2015 ya gano cewa duk ragin santimita 6.5 a tsayin da mutum ya gada yana tafe da ƙarin kashi 13.5 cikin ɗari na haɗarin toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Waɗannan jijiyoyi dama ƙanana ne, milimita 3 zuwa 4, kuma a jikin gajere sukan fi siranta, kitse kaɗan ya kwanta sai hanya ta matse. Sannan duk bugun da zuciya ta yi, ƙarfinsa yana bin jijiya ya je ya dawo. Ga gajere tafiyar ba ta da nisa, sai ya dawo tun zuciya ba ta gama turawa ba, ya ƙara mata aiki. Sai dai wannan lissafin jama'a ne a dunƙule. Mutum dogo mai shan sigari da hawan jinin da ba ya kula da shi ya fi ki shiga haɗari nesa ba kusa ba. Ki riƙa auna jininki, da suga, da kitsen jini.

Dogaye ma da nasu rabon: kumburin jijiyoyin ƙafa, daskarewar jini a ƙafa, da rikicewar bugun zuciya sun fi yawa a cikinsu. Jinin ƙafa hawa yake yi kafin ya koma zuciya, kuma hawan dogo ya fi nisa.

Ɗalibin likitanci: Yaya Dogo, wata tambaya da ban ga an yi ba. Dogaye ne duk gidanku? In ka ware hannuwanka, tsawonsu ya zarce tsayinka sosai? Yatsunka zara-zara ne ƙwarai, ƙirjinka ya lotsa ko ya turo, ko kana da matsalar ido mai tsanani tun yarinta? Akwai ciwon gado da ake kira Marfan, yana samun kusan mutum 1 cikin 5,000, yana raunana bangon ayota. Shi ya kashe Flo Hyman, 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka, ana tsaka da wasa a Japan a 1986, kuma sai bayan rasuwarta aka gane tana da shi. Ba tsorata ka nake ba, yawancin dogaye ba su da shi.

Dogo: Na auna hannuwan, kusan daidai suke da tsayina, idona ma lafiya. Amma ƙanin mahaifina, shi ma dogo, ya yanke jiki ya faɗi yana ɗan shekara arba'in da wani abu, ba a taɓa sanin dalili ba. Likitan bai tambaya ba.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya jiƙansa. To wannan kam kada ka jira shekara. Ka nemi likitan zuciya, ka fara da labarin baffan naka kafin ka miƙa takardar, shi zai yanke ko a ƙara hoton da zai nuna jijiyar gaba ɗayanta, ko a duba 'yan'uwanka ma. Kafin nan ka ci gaba da tafiyar ƙafa, ka dakata da ɗaga ƙarfe mai nauyin da ke sa mutum riƙe numfashi, ka auna jininka. In ka ji wani azababben ciwo farat ɗaya a ƙirji ko tsakanin kafaɗu, kamar ana yaga wani abu, a kai ka sashen gaggawa nan take, kada ka tuƙa da kanka. Takardar hoton farko kuma ka adana ta, da ita za a gane ko faɗin yana ƙaruwa.