Me ya sa kwale-kwale ke kifewa alhali bai nutse ba?

Tambaya: 'Yan uwa, kwale-kwale mai tsawon mita 8 da faɗin mita 1.2 ya ɗauki buhun shinkafa 20, bakinsa na sama da ruwa kusan taƙi guda, amma ya kife a tsakiyar kogi. Ina matsalar take?

Amsa ta farko: Malam, nutsewa daban, kifewa daban. Ruwa na tura jirgi sama daidai da nauyin ruwan da jirgin ya ture, kuma lita ɗaya ta ruwan kogi kilo ɗaya ce. In shimfiɗar jirgin a kan ruwa ta kai murabba'in mita 7, kowane kilo 70 zai sauke shi santimita ɗaya. Buhu 20 masu kilo 50 tan guda ne, wato santimita 14 kacal. Nauyin bai yi yawa ba.

Amsa ta biyu: Yadda aka jera kayan za ka duba. In jirgi ya karkata, ɓangaren da ya ƙara shiga ruwa ne ke tura shi ya miƙe. Amma in an tula buhuna sama, fasinja kuma suka hau kai, cibiyar nauyi, wato inda nauyin jirgin da kayansa ya tattaru, ta yi sama, sai nauyin ya rinjayi turawar. Buhunan su kwanta a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure su kada su zame. Faɗi ma na da tasiri ƙwarai: ninka shi biyu, ƙarfin miƙewar da yake bayarwa ya ninku takwas.

Amsa ta uku: Kada a raina ruwan da ya taru a ciki, ko iya idon sawu ne. Jirgi na karkata sai ya kwarara gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi. A kwashe shi da ƙwarya tun kafin a tashi.