Ƙwallo a gidan gyaran hali: ta ina za a fara?

Ɗan Agaji: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu na son shirya wa fursunoni wasanni a gidan gyaran hali na garinmu. Ta ina ake farawa, kuma me ke ɓata irin wannan shiri?

Ganduroba: Wa alaikumus salam. Ku fara rubuta wa Kwanturolan gidajen gyaran hali na jiha neman izini, ku ambaci dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya ta 2019 da ta ɗora wa hukumar aikin gyaran hali. Takalmi mai ƙusar ƙarfe ba zai wuce ƙofa ba, haka doguwar igiya. Ku kawo kambas, ƙwallaye, usur da riguna kala biyu.

Koci: Filin ciki yawanci ƙarami ne, don haka a yi 'yan biyar-biyar, minti 15 kowane rabi, da safe kafin rana ta take. Kada a haɗa ƙungiya bisa ɗaki ko unguwa, gabar waje za ta biyo su fili. A gauraya su da ƙuri'a. Alƙalan wasa su fito daga cikinsu, a koya musu dokokin ƙwallo 17. Mai busa usur dole ya koyi danne zuciya. Abin da ya fi kashe shirin caca ce. Za a zuba sabulu ko abincin dare a kan wasa, bashi ya taru, faɗa ya tashi, a rufe filin.

Malamar Asibiti: Malam, a fara duba lafiyarsu, musamman tarin fuka da hawan jini. A ajiye ruwan sha a bakin fili. Dattawa a ba su dara, mata kuma ƙwallon raga.