Sanda uku za su raba gardama: a shimfiɗe duniya take ko a mulmule?

Baffa Direba: Ni fa har yanzu ban gamsu cewa duniya a mulmule take ba. Na ja tanka daga Legas zuwa Maiduguri har gashina ya yi fari, ban taɓa ganin inda ƙasa ta lanƙwashe ba, ruwa kuma duk inda ka zuba shi kwanciya yake yi, to ta yaya teku zai manne a jikin ƙwallo? Kar wanda ya turo min hoton NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, yanzu yaro ma da wayarsa yana haɗa hoto

Malamin Lissafi: Baffa na yarda, a ajiye hoto gefe. Lanƙwasar ba za ka gan ta daga kan sitiyari ba don kewayen duniya kilomita 40,000 ne, sai ka yi tafiyar kilomita 111 kafin ƙasa ta karkata da digiri ɗaya tak. Amma akwai gwajin da ba ya buƙatar komai sai sanda da rana. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani masani a Masar, Eratosthenes, ya ji cewa a Aswan akwai ranar da rana ke tsayawa tsaka har ta haska ƙasan rijiya, a wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariyya ya samu digiri 7.2, wato ɗaya bisa 50 na da'ira. Tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 800 ne, ka ninka sau 50 ka ga abin da zai fito.

Injiniyan Sola: Malam tsaya, a nan ne kullum kuke yi mana wayo. Wannan lissafin ya riga ya ɗauka cewa rana tana can nesa sosai haskenta na zuwa a miƙe. In rana ƙarama ce kuma tana kusa, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ma inuwar za ta bambanta. Raba 800 da tan na 7.2 a kalkuleta, wato tsawon inuwa bisa tsawon sanda, zai ba ka wajen kilomita 6,300, shikenan can rana take a wajenmu. Ka ga gwajin naka bai tabbatar da komai ba

Malamin Lissafi: Wallahi ka yi gaskiya, kuma na ji daɗi da ka kawo ta da lissafi. Gari biyu ba sa raba wannan gardamar. Gari uku ne ke raba ta.

Ga yadda abin yake. Ranar 20 ko 21 ga Maris rana tana kan layin ikwaita daidai, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. Ka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsaye cak, ka jira inuwa ta kai mafi gajartarta. A Kano za ka samu kusan santimita 21, wato digiri 12. A Alƙahira 58, digiri 30. A Landan 126, digiri 51 da rabi. To yanzu mu bi hanyarka, mu ce ƙasa a shimfiɗe take mu nemi tsayin rana. Kano tana kilomita 1,330 daga ikwaita, lissafi ya ce rana tana sama da kusan kilomita 6,260. Alƙahira 3,330, ya ce 5,770. Landan 5,720, ya ce 4,550. Rana ɗaya a yini ɗaya, amma tsayi uku daban daban, kuma duk yadda ka ƙara yin arewa sai ta ƙara saukowa. In kuwa ka ɗauka ƙasar ce a lanƙwashe ranar kuma tana nesa, duka ukun sai su ba ka amsa guda, kewaye 40,000.

Injiniyan Sola: Nisan garuruwan fa daga ina ka samo? Ba daga taswirar masu ƙwallon ba?

Malamin Lissafi: Daga nan ne, amma da wannan nisan jiragen sama suke auna man da za su sha. In da taswirar ta yi kuskuren kilomita dubu tsakanin Kano da Landan ai da tuni an ji labari.

Baffa Direba: Ni duk wannan tan ɗin bai dame ni ba, abin da na riƙe shi ne Allah ya ce ya shimfiɗa ƙasa, yana nan a Suratul Gashiya, yaran makarantar allo ma sun haddace

Ɗalibin Azhar: Baffa Allah ya ƙara girma, ayar gaskiya ce babu mai ja, amma magabata sun karanta ta kafin mu kuma ba su ga karo ba. Ibn Hazm na Andalus da ya rasu a 1064 ya rubuta ƙarara cewa ƙasa a mulmule take, ya kafa hujja da aya ta 5 a Suratuz Zumar, Ibn Taimiyya ma ya tafi a kan haka. Halifa Ma'amun wajen shekarar 830 ya tura masana saharar Sinjar, cikin Iraƙi ta yau, suka yi tafiya suna auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa. Albiruni kuma dutse ya hau a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna yadda ƙarshen gani ya sunkuya ƙasa, ya fitar da nisa daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kusan kilomita 6,340, na yau 6,371. Neman alƙibla ma yana cikin abin da ya sa Musulmi suka zurfafa a wannan ilimin, don Allah a daina cewa na Turawa ne, abin yana min ciwo.

Uwar Biyu: Ni tambayata daban ce, an ce tana juyawa da gudun kilomita 1,670 a awa a ikwaita, to me ya sa ba ma jin komai?

Malamin Lissafi: Hajiya jiki ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji. A jirgin da kike zuwa gida ana zuba miki shayi a kofi alhali yana cin kusan kilomita 900 a awa, sai ya shiga gargada ko zai sauka kike jin wani abu. Ita kuwa duniya zagaye ɗaya take yi a yini guda cur ba birki ba ƙarin wuta.

Injiniyan Sola: Maganar garuruwa uku ta ɗan tsaya min a rai ba zan ɓoye ba, amma lambobin nan kai ka rubuto su, ni ban auna ba. Kuma iska tana lanƙwasa haske, kowa ya san kawalwalniya a kan kwalta

Malamin Lissafi: Tana lanƙwasawa sosai in rana ta yi ƙasa dab da faɗuwa, amma da tsakar rana abin bai kai ko rabin digiri ba, ba zai cike giɓin kilomita 1,700 ba. Kuma kar ka yarda da lambobina, mu auna. Kai kana Kano, ɗan Azhar yana Alƙahira, Hajiya tana Landan, mun cika uku.

Uwar Biyu: In dai gajimare ya bar mu, don Maris a nan sai a hankali. Sandar mofa za ta yi?

Malamin Lissafi: Za ta yi in kin auna tsawonta daidai. A samu daɓe mai lebur, a rataya zare da ɗan dutse a gefen sandar don a tabbatar ba ta karkace ba, a riƙa sa alama a bakin inuwar duk minti biyar, mafi gajarta ita muke so. Injiniya kai naka zai faɗo wajen sha biyu da rabi, kar ka tsaya sha biyu daidai ka tashi.

Baffa Direba: In ina gari ranar zan zo shagonka Injiniya, ni zan riƙe tef ɗin da hannuna

Injiniyan Sola: To Baffa Allah ya kai mu. Malam ka turo min yadda ake juya santimita zuwa digiri tun yanzu, ina so in yi lissafin da kaina kafin kowa ya faɗi nasa