Yaron da ya ɗanɗana kuɗin zinare, wa zai mayar da shi aji?

Shugaban zaure: Assalamu alaikum. Shawarar da aka kawo bayan sallar Juma'a ita ce kowane babba a cikinmu nan Gadarif ta ƙasar Sudan ya ɗauki yara biyu daga waɗanda suka daina zuwa makaranta, ya san gidansu, ya san malaminsu, ya riƙa bibiyarsu. Kawu ya ce bai yarda ba. Bismillah Kawu, a ji dalilinku.

Kawu mai shago: Wa alaikumus salam. Niyyarku mai kyau ce, amma wahalar banza za ku sha. Tun 15 ga Afrilun 2023 da aka fara yaƙin nan yaranmu suka koyi neman na kansu. Wani yana jan raksha, wato keke mai ƙafa uku, wani yana dako a kasuwa, wani ya tafi haƙar zinare wajen Abu Hamad ya dawo da waya sabuwa a hannu. Sai ka je masa da nasiha? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yunwa ce ta fitar da su, kuɗi ne kawai zai dawo da su. In kuna da kuɗi ku ba iyayen, in babu ku bar mutane su ji da abin da ya dame su.

Ustaza: Kawu, ku yi haƙuri, ni a cikin aji nake, kuma abin da nake gani ya sha bamban da naku. Na bar garin Madani a Disambar 2023 da ya faɗi a yaƙin, na zo nan na tarar makarantu cike da 'yan gudun hijira irina, ana girki a inda ake karatu. Da aka buɗe, akwai yaron da ya dawo, shekararsa 15, murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsiro, aka zaunar da shi cikin 'yan shekara 12. Na ce ya tashi ya karanta, harafin ya ƙi fita, kusan shekara biyu bai riƙe littafi ba. Yara suka tuntsire da dariya. Kwana uku ya ƙara, ban sake ganinsa ba. Mahaifinsa fa mai rufin asiri ne, yana da gonar riɗi. Kunya ce ta kore shi, kuma har yau ina ganin laifina da na tashe shi a gaban ƙannensa. Da akwai wanda zai je gidan a daren ranar ya zauna da shi, ya ce zo mu yi bitar nan mu biyu ba mai ji, da yanzu yana nan.

Kawu mai shago: Yaro ɗaya kenan, Ustaza. Ni kullum goma ke tsayawa ƙofar shagona suna neman aikin ɗaukar buhu.

Ustaza: Ai ban ce talauci ba ya ciki ba. A ƙarshen 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa makaranta a Sudan. Amma tun kafin a harba harsashi ɗaya kusan miliyan 7 suna waje. Kuma ku tuna namu da Hausa suke tashi a gida, sai su shiga aji komai da Larabcin littafi. Wanda ya fara baya tun aji ɗaya, ko an cika wa ubansa aljihu, a baya zai zauna in ba wanda ya kama hannunsa.

Ɗan jami'a: Ni dai zan faɗi abin da ya same ni, ko da zai ƙarfafa maganar Kawu. Ina shekara ta uku a Jami'ar Jazira karatu ya tsaya. Na je wurin wani ɗan unguwarmu da ya dawo daga zinare, na yi ta zuba masa bayani a kan amfanin ilimi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Yaya, shekara nawa ka yi kana karatun?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya kira mai shayi, ya biya mana duka ta Bankak, manhajar banki ta waya. Wallahi ban san lokacin da na yi sallama ba.

Kawu mai shago: To kun ji. Gani ya kori ji.

Ɗan jami'a: Ban gama ba Kawu. Bayan sati biyu shi ya neme ni. Hannunsa na rawa, yana yawan ciwon kai, ya ji ana cewa zaibar da suke ƙonawa wajen ware zinare ce ke jawo haka. Takardar asibiti ya kawo in karanta masa. Daga nan muka fara zama. Bai koma makaranta ba, kada in yi ƙarya, amma bai koma ramin ba tukuna.

Usta mai gareji: Ku duka kuna magana kamar dole yaro ya zaɓi ɗaya. Yara huɗu ne a wurina. Sharaɗina guda: safe makaranta, bayan azahar gareji. Wanda bai je aji ba, ranar ba ya taɓa sifana, ba kuma sallama. Ni kaina Larabcin nawa na kasuwa ne, amma ina buɗe littafin in duba kwanan wata da jan biron malami, wannan kam na iya. Suna jin maganata don abincin rana a wurina suke ci, a nan Kawu ya yi gaskiya. Amma da kuɗin na miƙa wa iyayensu na koma gefe, wa zai buɗe littafin? Ɗaya dai ya gudu, na ji an gan shi cikin masu ɗaukar bindiga. Wannan ya fi zinaren tayar min da hankali, kuma ba ku ambace shi ba.

Malamin halwa (makarantar allo): Allah ya shirye shi. Amma jama'a, kuna ta neman sabon abu alhali tsohon yana nan. Tun da iyayenmu suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi a 1903 suka sauka bakin Shuɗin Nilu, da me aka raini yara? Da allo da malami. Malamin halwa ya san wanda bai ci ba, ya san wanda bai kwana ba, da asuba a gaban wutar karatu yake ƙirga su. Ku dubi Hamashkoreb a ƙasar Kasala, garin da halwa ta raya. Da aka rufe makarantun gwamnati, mu ba mu rufe ba. Ku kawo mana yaran.

Gwaggo: Malam, Allah ya ƙara daraja, amma ku bari in yi tambaya. A 2020 sashen Larabci na BBC ya nuna yara a wasu halwowi da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala.  Yaron da ya ga gawa a hanyar Sinja, yake firgita cikin dare, shi za a kai wa dorina?

Malamin halwa: Abin da aka nuna ya faru, Hajiya, kuma zalunci ne, ba na kare shi. Amma ba a yi wa duka kuɗin goro. Tawa ta jeka-ka-dawo ce, kowa a gidansu yake kwana, ƙofa a buɗe take, ku zo duk lokacin da kuka so.

Ustaza: Na yarda yaron halwa ya fi saurin kama karatu, ina ganinsu. Sai dai jarrabawar shahada ta kammala sakandare tana son lissafi da Ingilishi. 'Yan ajin 2023 sai ƙarshen Disambar 2024 suka samu zama, kuma da yawa wannan dogon jiran ne ya zubar da su. A haɗa biyun, Malam, asuba taku, hantsi namu.

Gwaggo: Tun ɗazu yaro, yaro nake ji. 'Yan matan fa? Ba sa zuwa zinare, ba sa tsayawa ƙofar shagon Kawu, shi ya sa ba a ƙirga su. Tana gida tana raino, ko tana wanke kofuna wurin uwarta mai shayi, sai ka ji an sa rana. A layinmu kaɗai na halarci biki uku na waɗanda ya kamata a ce suna aji. Kuma in faɗa muku tun yanzu, ba namijin da zai riƙa sallama a gidana da sunan bibiyar karatun 'yata, ko waye shi. Mata su ɗauki mata. Su ma mazan, a san wa ya ɗauki wa, iyaye su yarda, a zauna a fili inda ido ke gani. Ba duk mai fara'a da yara ne mutumin kirki ba.

Shugaban zaure: Wannan ya shiga sharaɗi, Gwaggo. Ko za ku tattara mana sunayen matan da za su iya?

Gwaggo: Ina da biyu a hannu, ta uku sai na tambayi mijinta.

Kawu mai shago: Ni har yanzu ina kan bakata. Usta ne kawai ya burge ni a cikinku, shi ma don yana ciyarwa ne. Ga abin da zan yi: kayan makaranta da kuɗin karin kumallo na yara biyu a wuyana har ƙarshen shekara. Amma kada wanda ya ce in je gidan wani in zauna ina lallashi, ba ni da wannan haƙurin.

Ustaza: Allah ya saka da alheri. Kada ku ba su a hannu dai. Su riƙa zuwa shago duk Alhamis su karɓa, su nuna muku littafinsu.

Usta mai gareji: Ustaza ta sa Kawu aikin da ya ce ba zai yi ba, bai ma lura ba.

Kawu mai shago: Na lura sarai. Littafi zan duba, ba hira zan yi ba. Kuma ku jira Oktoba ta zo, a fara yankan riɗi, masu gona su fito da motoci suna neman hannu ana biya a take. Ranar zan tambaye ku nawa suka rage a aji.

Ɗan jami'a: Nawa biyun ni zan bi su gonar, Kawu. Nima kuɗin nake nema.