Ban cika sharuɗɗan aikin akanta ba, in tura takarduna ko in haƙura?

Ummu Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu. Wani kamfanin robobi a Sharaɗa ne ke neman ƙaramin akanta. Sun ce sai mai digiri da 2:1, ƙwarewar shekara biyu, wanda ya iya Sage (manhajar lissafin kuɗi a kwamfuta), kuma ya fara jarrabawar ICAN (ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya). Ni HND gare ni a fannin akanta, na gama bautar ƙasa bara. Excel na iya sosai, Sage kuwa ban taɓa buɗe shi ba, ICAN ma rashin kuɗi ya hana ni farawa. Amma tun ina makaranta ni ke riƙe wa kawuna littafin shagonsa a Kwari: shiga da fita, bashin 'yan sari, lissafin ƙarshen wata. Shin wannan zai shiga cikin ƙwarewa? Ko in na tura za a ce ban karanta tallar ba?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ki tura kawai, rabo ba ya wuce mai shi.

Hajiya Mai Turare:
Ƙanwata ki koyi sana'a. Aikin albashi yanzu ko kuɗin Adaidaita ba ya fitarwa.

Abban Zara:
Ni ne nake tantance takardu idan muna ɗaukar akanta a wurinmu, don haka bari in faɗa miki abin da nake dubawa. Sharuɗɗa iri biyu ne. Akwai wanda babu sassauci, kamar takardar bautar ƙasa. Akwai kuma wanda buri ne kawai na mai rubuta talla. Wanda ya cika duka abin da suka lissafa ba zai tsaya a albashin ƙaramin akanta ba, su ma sun sani. Aikin shagon kawunki ki rubuta shi da sunansa na gaskiya: kin riƙe littafin kuɗi, kin bi basussuka, kin daidaita lissafi da takardar banki. Abin da kawai ba na yafewa shi ne ƙarya. Kada ki rubuta Sage alhali ba ki iya ba, domin kwamfuta za a ajiye miki a gabanki.

Malam Na Tudun Wada:
Ranka ya daɗe, wurinku ne haka. Ni na yi abin da kake cewa. HND gare ni kamar ta, na tura wa wani kamfani a Abuja da ya ce sai digiri. Suka kira ni. Na ranci kuɗin mota, na kwana a masallacin tasha. Aka ba mu gwaji a kan VAT da harajin albashi da daidaita lissafin banki, wasu masu digirin ko kashi 7.5 na VAT ba su iya cirewa daga jimla ba. Na wuce zagaye na biyu. Na zauna gaban mutum uku, matar da ke tsakiya ta buɗe fayil ɗina ta ce, au, HND ne? Wallahi ko tambaya ɗaya ba su ƙara yi min ba. Takardar nan tana cikin abin da na tura tun farko, ba wanda ya duba. Na dawo Kano da bashi, mahaifiyata tana ta addu'a tana jiran labari. Har yau in na tuna fuskar matar nan raina ɓaci yake.

Ummu Sadik:
Subhanallah. Allah Ya musanya maka da mafi alheri, Malam.

Malam Na Tudun Wada:
Amin. Kuma abin haushin, a 2021 majalisa ta amince da ƙudirin daina bambanta HND da digiri, amma ba a sa masa hannu ba. Shekara biyu ND, shekara ɗaya aikin gwaji, shekara biyu HND, sannan a ce ba mu kai ba.

Baffa Odita:
Kafin ka sake tafiya irin wannan, ka buga waya ka tambaya ko suna karɓar HND. Ke kuma naki a cikin gari ne, asararki data ce kawai. Ki yi rajistar ICAN ko ANAN (ita ma ƙungiyar akantoci ce), shi ne ke rufe bakin masu zancen HND.

Ɗan Fagge:
Sage ai ba wani abu ba ne. A Zoo Road na koya, dubu 25, sati biyu.

Maman 'Yan Biyu:
Dubu 25 a wace shekara? Ƙanina dubu 80 ya biya watan jiya, har da QuickBooks, wata manhajar lissafin kuɗi.

Sarkin Excel:
Duk an cuce ku. Kyauta na koya a YouTube. Ni da na iya VLOOKUP (dabarar nemo bayani a Excel) har surukata sai da ta fara gaishe ni da safe.

Maman 'Yan Biyu:
Kai da ba ka taɓa aiki a ofis ba, me ya kai ka bakin magana? A bar Abban Zara da Baffa su yi bayani.

Sarkin Excel:
Hajiya, masu ɗaukar aiki ba sa faɗin yadda ake yi da gaske. Mu da ake kora mu muka san hanya.

Malam Na Tudun Wada:
Gaskiya ya faɗa. Wanda ke cikin inuwa bai san akwai rana ba. A tambayi Abban Zara, cikin waɗanda ya ɗauka nawa ne ba a turo masa da kati daga wani babba ba?

Abban Zara:
Ba zan ce ba a yi ba, Malam, ana yi. Amma akantan da ke zaune kusa da ni yanzu HND gare ta, ba wanda ya san ta, gwajin Excel ne ya shigar da ita.

Ummu Sadik:
Na gode. To a wasiƙar neman aikin, in ambaci cewa ban iya Sage ba, ko in yi shiru sai an tambaye ni?

Yaya Babba:
Ku duk ba ku zo wurin ba. Ko an ɗauke ta, masu tsaya mata fa? Ni an ba ni aikin kashiya, albashi dubu 70, mafi ƙarancin albashi ke nan, amma suka ce in kawo mutum biyu ma'aikatan gwamnati daga mataki na 14 zuwa sama, da hoton fasfo da takardar filinsu. Ɗan talaka ina zai samo su? Kawun babana da na je wurinsa cewa ya yi ba ya sa hannu a harkar kuɗi, ko ɗansa ne.

Baffa Odita:
Kada ka ga laifinsa. Na san wanda ya tsaya wa yaro, kuɗi suka ɓace, 'yan sanda gidansa suka fara zuwa.

Yaya Babba:
To sai a ce mu da ba mu da kowa ɓarayi ne? Wani wurin ma asalin takardun makarantarka za su riƙe. Akwai wanda aka taɓa riƙe wa nasa a nan? Ta yaya ya karɓo?